Tela da Bunsurun da Ba Ya Wari

Tun da ka ce ka sayi magani ka ƙara wani, amma har yau ba ka sunkuya ka duba inda matsalar take ba, saurari abin da ya sami wani tela.

Telan nan tsaftarsa har ta yi yawa, in zai zauna sai ya hure tabarma. Matarsa kuwa tana kiwon awaki a bayan ɗaki, su ne abin fita kunyarta in biki ko suna ya taso a dangi. Tana da wani ɗan tsurut ɗin bunsuru mai cukurkuɗaɗɗen gemu, wanda warinsa kan riga shi isa zaure, amma duk shekara awakin sai sun haihu, wasu ma tagwaye. Wata rana wani ya zo karɓar ɗinki, ya shinshina rigar, ya tambaya ko a turke aka ɗinka ta. Ranar kasuwa na zagayowa tela ya ja bunsurun ya sayar, ya ce wa matar ta kwantar da hankalinta, zai kawo mata wanda ya fi shi. A kasuwar ya tarar masu saye suna durƙusawa suna leƙa ƙarƙashin dabba, har da lalubawa. Abin ya ba shi ƙyama. Shi da furfurarsa da farar shaddarsa ya durƙusa gaban akuya a bainar jama'a? Sai ya tsaya daga nesa ya ce wa dillali yana son babba, mai tsafta, wanda ba ya wari. Dillali ya ɗauka na yanka ake nema, ya jawo masa wani jibgege mai sheƙi, tela ya biya ya taho gida yana taƙama.

A shekarar ana ta kuka a unguwar, wai harawar da aka yi wa feshin maganin ƙwari tana rage wa bunsuraye da raguna ƙarfin barbara. Masu kiwo suka shiga jiƙa ganyen zogale da citta da ɗan habbatus sauda, su tace su ba mazan dabbobinsu don kare musu iri tun dafin bai taɓa shi ba. Tela ya ji, ya ce nasa ba zai zama koma-baya ba. Ya tsige zogalen gidan tas, har matar ta rasa na kwaɗo. Da sabon ƙyallen yadi yake tacewa, a kwano mai murfi yake kai masa. Dabba ta sha ta murje, gashi ya kwanta luf. Sai dai ko kallon awakin ba ya yi, yakan kwanta a tsakiyarsu yana tuƙa kamar gwaggonsu. Tela ya ce wannan ita ce natsuwa, dabba ma in ta sami gidan mutunci takan yi kunya. Awakin maƙwabta suka ɗauki ciki, suka haihu, na gidansa shiru. Ya ƙara citta.

Matar ta gane tun ranar da aka shigo da shi, amma da wane baki za ta faɗa wa maigida irin wannan magana? Maƙwabta ma sun sani, iyakarsu in sun gaishe shi su ƙara da tambayar yaya ango. Da aka yi suna gidan ƙanwarta ta je hannu rabbana, abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ta dawo ta same shi yana tace jiƙon zogale, ta ce, “Malam, in ba ƙira, me ya ci gawayi?” Ya ce mata aikin magani sai da haƙuri.

Ana nan sai wani taubashinsa ya zo daga ƙauye, kuma ka san tsakanin taubasai babu maganar da ta fi ƙarfin baki. Ya dubi kwanon, ya zagaya bayan dabbar, ya yi dariya har sai da ya zauna a kan turmi. Sannan ya kamo hannun rigar tela ya jawo shi ƙasa, ya ce, “Durƙusa ka gaida angonka. Shekara guda kana gadin rumbu, ashe tun yana ƙarami aka kwashe hatsin. Wannan ai taure ne, an dandaƙe shi.” Tela ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba. Maganin bai yi ƙarya ba, abin da ke nan yake karewa, shi kuwa nan babu abin karewa.

Aka yanka tauren, unguwa ta shaida ba ta taɓa cin naman da ya zo da yajinsa irin wannan ba. Da kasuwa ta sake ci, sai ga tela da farar shaddarsa, gwiwa a ƙasa, yana bin bunsuraye ɗaya bayan ɗaya yana leƙawa. Babu wanda ya ko waiwaye shi, don kowa abin da ya kawo shi ke nan. Ya miƙe ya kaɗe gwiwa, ya ga tsawonsa na nan yadda ya baro shi a gida. Ya zo da wani wanda ya fi na farko wari, ya ci gaba da ba shi jiƙon zogalen, keken ɗinkinsa kuma ya mayar da shi wani shago a bakin titi. Kafin shekara ta zagayo, kukan 'yan awaki ya hana shi barcin rana, bai kuma taɓa yin ƙorafi ba.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.