Kukan Taya da Ƙarar Rediyo

Ina-Sauri ake kiransa a wurin aiki, har ma a gida idan ya ba da baya. Ko shayi a tsaye yake sha, makullin mota na kaɗawa a yatsa, waya manne a kunne. Aikinsa duba gine-gine, yanzu yana wannan fili, anjima yana wancan, kuma jif ɗinsa ce ƙafarsa. Kullum a wanke take tana sheƙi. Ƙarƙashinta kuwa, Allah kaɗai ya san rabon da a leƙa.

Kukan motar ya fara ne siriri, daga tayar gaba ta gefen fasinja. Auta, 'yarsa mai karatun aikin jinya, ita ta fara ji, don a saman tayar take zama duk safiya idan zai sauke ta a makaranta.

"Baba, motar nan fa gurnani take yi."

"Kwaltar ce ba kyau," in ji shi. Ya murɗa ƙarar rediyo daga takwas zuwa sha biyu, kukan ya ɓace. A wurinsa an gama gyara ke nan.

Da lokacin juyen mai ya yi, ya shiga gareji ko injin bai kashe ba. Tsohon bakaniken da ke duba masa mota tun tana sabuwa ya karkata kunne, sannan ya sa jak ya ɗaga gaban. Ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, ta ce ƙwas-ƙwas. Ya juya ta da hannu, sai ka ce ana niƙan tsakuwa.

"Yallaɓai, boris ya tafi. 'Yan ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kansu sun bushe, babu ɗigon giris, cin junansu suke yi." Ya zaro ma'aunin man giya ya kai masa hanci. Man ya yi baƙi ƙirin, yana warin ƙuna. "Wannan ma ya gaji, shi ya sa take fizga idan za ta canja giya. Bar min ita zuwa yamma."

"Yamma? Baba, mutum uku ke jirana yanzu haka!" Ina-Sauri na magana yana kai da komo, yana duba agogo.

"Wa ke zama a wannan kujerar?" in ji bakaniken, yana nuna gefen fasinja.

"'Yata."

"To a kan abin da ka ji yana ƙwas-ƙwas ɗin nan kake ɗora ta."

Maganar ta ɗan taɓa shi, amma waya ta yi ƙara. "Ranar Asabar, Baba, da sassafe. Sauke min ita."

Asabar biyar suka wuce. Rediyo ya tashi daga sha biyu zuwa sha bakwai, ya haura ashirin da biyar, har maƙwabta kan san ya shigo layi tun bai iso ba. Matarsa ta yi magana har ta gaji. "Baban Auta, likitan mota ya faɗa maka, kai kuma kunnen uwar shegu." Wata rana ya ji ƙauri, ya taɓa tsakiyar tayar, ta ƙona masa yatsa. Sai bawan Allahn nan ya juye mata ruwan gora, ta yi cuu, ya yi dariya ya ce ta sha ruwa ta huce.

Ranar jarrabawar Auta ta ƙarshe suka fito a makare. Ya taka mota a gangaren gada. Auta na son ta maimaita karatunta, ta miƙa hannu ta kashe rediyon. A nan suka ji abin da suka yi wata biyu suna tafiya a kai: ƙarfe na cin ƙarfe, har kujera na rawa.

"Baba, don Allah ka tsaya."

"Saura minti biyar mu kai."

Sitiyari ya fara fizgar hannunsa. Ya nemi rage giya, ta ƙi shiga. Sai ƙara guda, gaban motar ya durƙusa, ya ga tayarsa da idonsa ta wuce su tana gudu ita kaɗai. Jif ɗin ta wuntsila sau biyu, ta kwanta ta gefen Auta.

Shi ƙujewa kawai ya yi a goshi. Auta ƙashin baya ne ya taɓu, likita ya ce ƙafafun ba za su sake ɗaukarta ba. 'Yan ajinsu, da fararen kayansu, su ne suke zuwa suna juya ta a gado suna ɓoye hawaye.

Mutumin da ya kasa ba gareji rabin wuni, wata huɗu ya yi a kan bencin asibiti. Bakaniken ya zo dubiya, ya zauna kusa da shi, bai ce "na faɗa maka" ba. Da ma ya faɗa, da ya fi masa sauƙi.

Yanzu a gida, kowace safiya za ka same shi durƙushe da 'yar kwalbar mai, yana juya tayoyin keken guragun Auta ɗaya bayan ɗaya, kunne a kusa. Ko ɗan ƙiiƙ ya ji, ba ya tashi sai ya kashe shi.

"Baba, za ka makara," in ji ta.

"Ba inda za ni, Auta." Bai iya ɗaga kai ya dube ta ba.

Mai karatu, mota ba ta kuka a banza. Idan taya ta yi gurnani ko giya ta yi fizga, kashe rediyo ka kai ta gareji a ranar, domin rabin wunin da ka hana bakanike, wanda ke zaune a gefenka ne zai iya biyansa da rayuwarsa.