Kifin Rijiyar Waliyyi Ciarán

"Sai na ga kifin waliyyi a rijiyar nan da idona zan aure ka, Malachy," in ji Gobnait, bazawarar da nake nema.

Na binne matata ta fari, na karance tulin littattafai, ga aurena a hannun kifin da rabon a gan shi tun zamanin kakanni.

Da sassafe na kamo ɗaya a kogi na jefa ciki. Da hantsi muka zagaya rijiyar, muka leƙa tare.

Kifi biyu muka gani.

"Mu'ujiza!" na ce.

Gobnait ta tuntsire da dariya har da riƙe ciki.

"Tsohon banza! Da ka faɗa min, ai da ban shiga kogi jiya da ciwon ƙafar nan ba!"