Ranar da Gwaggo ta kai Auta wurin Mai Jiƙo

Gwaggo ta fi kowa sanin ciwon Auta, duk da ba ta taɓa raka ta asibiti ba. Auta ƙaramar 'yar yayanta ce, tela, kuma ta daɗe tana fama da kumburin hanji, wanda likitoci ke kira Crohn. Sunan ya ƙi zama a bakin Gwaggo, sai ta raɗa masa ciwon 'yan gayu.

Da ciwon ya fara, Auta ta rame har zobenta yana zamewa cikin ruwan wanki. Ko ruwa ta kurɓa sai ta ruga banɗaki. Har an fara maganar yanke wani ɓangare na hanjinta, sai aka ɗora ta a kan wata allura ta jijiya da ake yi mata a asibiti duk bayan wata biyu. Yarinya ta murmure, ta koma kan kekenta, tana cacar baki da masu kawo ɗinki kamar kowace tela mai lafiya. Likita dai ya ja mata kunne. Ya ce allurar danne ciwon take yi, ba kashe shi ba. In ta daina zai iya dawowa, kuma ba lallai allurar ta sake yi mata aiki ba.

Wannan magana ita ta tsaya wa Gwaggo a wuya. Shekara da shekaru ana huda 'yar mutane, in ji ta, sun mayar da ita tsumman da take soke alluran ɗinkinta.

To, Gwaggo tana da mutuminta, Mai Jiƙo. Ƙato ne, kumatu suna sheƙi. A bangon shagonsa akwai hotuna biyu: a ɗaya ƙashi da fata, a ɗaya kuma shi ne yadda yake yanzu, yana murmushi da kwalba a hannu. Ya ce irin wannan ciwon ne ya kusa kai shi kabari, ya yi wa asibiti sallama, ya haɗa jiƙonsa, ya warke ras. Gwaggo ta zama mai yi masa shela kyauta, a mota, a shagon kitso, har a gidan gaisuwar marar lafiya. Ita ma tana sha saboda gwiwoyinta. Gwiwoyin ba su daina ciwo ba, amma ta gano laifin matakalar bene ne.

Ta bi ta dami yayanta, safe da yamma, har ya yanke hukunci: a kai Auta, in mutumin ya karɓe ta, an gama da asibiti. A gidan nan kuwa in maigida ya yi magana ba a ƙarawa. Auta ta yi kuka har idonta ya kumbura, uwarta ta shige kicin ta kama wanke tukunyar da ba ta da datti.

Gwaggo ta so a je ranar allurar kanta, don a nuna wa likitoci iyakarsu. Sai suka tarar da shago a kulle. Maƙwabcinsa mai gyaran waya ya ce ya shiga daji neman saiwa, haka yake yi lokaci-lokaci. Dole Gwaggo ta bar Auta ta wuce asibiti, tana cewa ta je ta yi allurar bankwana.

Washegari suka same shi yana tsaka da yi wa wasu mata bayanin yadda allura ke tsinka jini. Yana ɗaga kai ya ga wadda ke biye da Gwaggo, tari ya sarƙe shi. Ya sallami matan da sauri.

Auta, wadda ta taho tana jan ƙafa, ta samu kujera ta zauna daram. Ta kalli hotunan nan biyu, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Sannu, ya ƙarfin jiki?"

"Ke, wa kike yi wa ya jiki?" Gwaggo ta zungure ta. "Dube shi, ki dubi kanki." Ta juya gare shi. "Ayya, me ya samu bayan hannunka, har da filasta?"

"Ƙaya ce, Gwaggo. Dajin jiya."

Gwaggo ta zayyana masa komai, ta ƙara da nata. Mai Jiƙo ya riƙe tsintsiyar hannun Auta, yana kallon silin, gumi yana bin wuyansa. Can ya saki, ya ce jininta da jiƙonsa ba za su taɓa shiri ba. Ta ci gaba da allurarta, kada ta kuskura ta tsallake ko ɗaya.

Gwaggo ta roƙa, ta haɗa shi da iyayensa, ya ƙi.

"Baba ba zai yarda da bakina ba," in ji Auta, tana miƙa masa wayarta. "Faɗa masa da kanka."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya faɗa wa Baba, har ya ƙara da cewa likitocin nan a riƙa jin maganarsu.

Ran Gwaggo ya ɓaci, amma kafin ta miƙe ta riga ta samu sabon abin shela. A wannan zamani, wa zai ga ciniki ya kawo kansa ya ce a'a? Mutum ke nan mai tsoron Allah. Ta karɓi kwalbar gwiwarta, ta yi masa addu'a mai tsawo, ta fita bakin ƙofa ta sunkuya da ƙyar tana laluben takalminta.

A nan ta ji muryar Auta daga ciki, ƙasa-ƙasa.

"Zuwa na gaba ka daure ka zo da wuri. Shekara nawa ina riƙe maka kujera a ɗakin allura, nas har ta fara cewa kai baffana ne."