Tela da Shagon Mahaifinsa

Ranar wata Laraba da hantsi, wani tela yana zura zare a allura sai ya ga ana liƙa takarda a ƙofar shagon da ke tsallaken hanya. Shekara uku ke nan da ya kafa kekensa a ƙarƙashin wata rumfar kwano, kuma ba inuwa ce ta sa ya zaɓi wurin ba. Daga nan ne yake hango wannan ƙofa. A cikin shagon mahaifinsa ya yi ɗinki shekara talatin, a nan shi ma ya koyi riƙe almakashi, kuma har yau ƙusar da tsohon yake rataye tef ɗin awo tana nan a bango. Da ciwo ya kwantar da tsohon, haya ta gagara, shago ya koma hannun wani mai sayar da robobi. Tun daga lokacin, in telan ya ɗaga kai sai ya ga bokitai jere a inda teburin yanka yadi yake, ya sunkuya ya ci gaba da taka keke. Takardar ta ce mai robobi zai tashi, kuma za a ba da shagon ga ɗan kasuwar da ya kawo shaidar biyan haraji ta shekara uku, tare da littafin cinikinsa, nan da Litinin.

Daɗi ya kama telan, don bai taɓa ɓuya wa mai karɓar haraji ba. Duk wata yana biya, a yago masa rasit. Sai dai takarda ba ta kwana a rumfar tela. In an kawo ɗinki, abin da ke kusa da hannunsa yake jawowa: ya juya bayan rasit, ya rubuta kafaɗa da hannu da tsawo, ya soke a jikin yadi. In riga ta kammala ya cusa takardar a aljihunta, mai ita ya tafi da abinsa. Littafi kuwa bai taɓa saye ba. Abin da ya shigo da abin da ya fita duk a kansa suke, kuɗin zare da kuɗin cefane aljihu ɗaya.

Ya garzaya ofishin haraji ko za a duba masa a nasu kwafin. Magatakarda ya buɗe ya nuna masa: ko'ina “tela” kawai aka rubuta, don bai taɓa yi wa sana'arsa suna ba, balle rajista.

“Malam, teloli tara ne a layinku,” in ji magatakardan. “Wanne ne kai a ciki?”

Ya rufe kekensa da zane, ya shiga bin gidajen waɗanda ya yi wa ɗinki, yana sallama yana roƙon a laluba masa aljihu. Ya samu takarda ɗaya a babbar rigar da sai ranar salla ake sa ta. Wata an wanke ta da riga har ta dunƙule kamar ƙwallon auduga. Wasu sun bar gari, wasu sun kyautar da rigunan. Kafin Litinin, rasit biyar ya haɗa cikin talatin da shida.

Aka ba da shagon ga wata mai saƙa, wadda ta zo da takardunta jere cikin leda, wata bayan wata, da littafinta a hammata. Da za a yi sabon fenti aka zare ƙusar nan daga bango aka jefar. Telan ya tsallaka hanya ya tsince ta, ya kafa a ginshiƙin rumfarsa, ya soke rasit ɗinsa biyar a jiki.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.