Jinkirin da Zulkifilu Ya Bari

Zulkifilu ya tafa hannu a gaban makirfo, ya kasa kunne. Sai da ya sauke hannuwan sannan lasifika ta maido masa da tafin.

Manhajar koyon karatu yake haɗawa, shi kaɗai a gidansu na Furana. Waya ta yi ƙara. Hajiya Mukarrama ce, mai aikin, daga Makarfi.

"Malam, yaro ya yi karatu sai ya jira kafin ya ji muryarsa? In ba ka gyara ba, wani zan ba."

"Hajiya, naki na gyara tun jiya. Ga shi nan zan turo."

Ya tura mata. Sannan ya koma kan nasa kwafin, ya ƙara jinkirin maido da muryar, ya auna, ya sake ƙarawa, har ya yi daidai da tafiya daga zaure zuwa tsakar gida.

Da ya dawo daga sallar Azahar, ya tsaya a zaure ya raɗa wa wayarsa magana. Ya shiga ya yi sallama.

Daga ɗakin mahaifiyarsa, marigayiya Inna, lasifika ta amsa da muryarsa, ta maido da abin da ya raɗa: "Wa alaikumus salamu. Sannu da zuwa. Ka ci abinci kuwa?"

Ya ce, "Tukuna, Inna."