Ranar da Inna Ta Ƙi Shan Ƙwayar Kuzari

"Na ce ba zan sha ba, Tanimu. Mayar da ita cikin kwalba."

"Haba Inna, har liman yana sha."

Tun da aka fara raba ƙwayar kuzari babu wanda ya ƙara gajiya a garin. Da ita Tanimu ya girma. Yakan wuni yana sauke buhunan siminti, ko nishi ba ya yi. Jiya uwarsa ta ƙi sha, ta wuni tuƙin tuwon sunan jikarta. Yau ga ta kwance a tabarma, wata maƙwabciya ta zo ban gajiya, abin da aka daɗe da mantawa.

Inna ta yi doguwar hamma. Tanimu ya zuba mata ido, bai taɓa ganin irinta ba.

"Da ciwo?" ya tambaya.

"Da daɗi. Jiki ne ke cewa ya isa. Ubanka bai ji hakan ba, da fartanya a hannu ya faɗi."

Tanimu ya dubi hannunsa mai riƙe da ƙwayar. Rawa yake yi, shi kuwa bai ji komai ba.

"To ni, Inna, wa zai gaya mini ya isa?"