Sunan Ɗan Fari a Bakin Famfo

Tun da hukuma ta ɗora Dodon Ƙarfe a kan famfon unguwa, ba mai ɗiban ruwa sai ya kayar da shi a wasan kwamfuta na allon da ke jikin bango. Kowane gida da dodannin da ya tara, kuma da baki ake kiran su.

Inna Tabawa ta dire jarkarta tana huci. Duk ƙaramin dodon da ta kira, sai Dodon Ƙarfe ya murƙushe shi.

"Wace irin masifa ce wannan? Ruwan Allah ma sai na yi dambe da hoto?"

Barau mai gadin famfo ya leƙa allon. "Inna, ga babban dodon da marigayi ɗanki ya bari. Sunansa ya sa masa, ki kira shi."

"Kai, yaron nan, fito!"

Allon ko gezau.

"Sai da sunan yanka, Inna. Kuma muryar gidanku kaɗai yake ji."

"Ɗan farin nawa? Ba ka da kunya, Barau? Har aka binne shi bakina bai taɓa kama sunansa ba!"

Masu layi suka fara tsaki. Jikokinta na gida, randa ƙaf. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Haladu."

"Na'am, Inna," in ji allon, da muryar marigayin sak.

Babban dodon ya fito, bugu ɗaya Dodon Ƙarfe ya zube, famfo ya ɓalle da ruwa.

"Allah ya isa," ta ce. "Abin da ban ba shi yana raye ba, kun ƙwace a kan jarka ɗaya."